Na Ce da Sauƙi

Salamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ɗan Sukukutane ne, ina kwaleji nesa da gida.

Ran Talata aka aiko cewa mahaifina yana kwance. Na durƙusa gaban daraktanmu, wani Bature, na ce, "Yallaɓai, don Allah in ba damuwa, ina son in dubo mahaifina." Ya ce, "Yaya jikin nasa?" Na ce, "Da sauƙi," yadda kowa ke amsawa a Arewa. Ya ce in bari sai Asabar. Kunya ta hana ni sake roƙo.

Ran Alhamis Baba ya rasu yana cigiyata. Jama'a ku ba ni shawara: ƙaƙa ake roƙon babba da ladabi, kuma ya gane abin ya yi tsanani?