Hawan Dutsen Mambila a Agusta

Ina zaune a bakin tashar Bwari ina jiran mota ta cika. A wurin mai faci, wani saurayi na ƙara wa babban babur iska, wani dattijo kuma na kallon jakunkunan da ya ɗaure.

"Samari, ina aka nufa da wannan kaya?"

"Gembu, Baffa. Na duba taswira, kwana uku sun ishe ni."

"Taswirar ta gaya maka a Agusta muke? Kowace ƙasa da lokacinta. Sakkwato da sanyi ake zuwanta, kafin bazara ta gasa mutum da babur ɗinsa. Dutsen Mambila kuwa sai ruwa ya ɗauke. Shekara talatin ina sauko da shanu daga can, yanzu ko saniya ba ta yarda da hanyar. Ka bari sai Nuwamba."

"Ni zan iya jira, mahaifina ne ba zai iya ba. Likita ya gaya mana gaskiya. A can aka haife shi, babur ɗin nan kuma nasa ne. Yana son ganin hoton babur ɗin a ƙofar gidansu."

Dattijon ya sunkuya ya danna tayar baya da babban yatsa.

"To, ka kwana a Serti, kafin dutsen. Da ka sallame asuba ka kama hawan, ruwan dutse ya fi sauka bayan azahar. Kai kuma mai faci, rage masa iskar nan kaɗan. Laka ba ta son taya mai tauri."