Jakar baƙo ta ci hannun Bawa

Malam mai gabatarwa, barka da aiki.

Ranar Laraba ƙaramin jirgin sama ya kawo wani likitan ido Dogon Dutsi. Maƙwabcina Bawa, wanda likitan ya yi wa aiki bara, ya je tarba. A Arewa ba ma barin baƙo da jaka a hannu, don haka jirgi na tsayawa Bawa ya nufi ƙofa. Ashe farfela tana juyawa, ido ba ya ganinta. Ta sare masa hannun dama.

A asibiti ya tambaye ni, "Maƙwabci, baƙon dai an ba shi ruwa?"

Jama'a, a jira matuƙi ya kashe inji kafin gaisuwa. Gonar Bawa tana jiran noma. Abokai na garinmu Kore Mairuwa, gayya ranar Asabar, kowa da hauyarsa.