Godiyar Uwar Rufiyo ga Ubangidanmu Fufidiyus

Shugaban ƙungiyar masu gasa burodi ta garin Nola, dattawan majalisa, ubangidanmu Numeriyus Fufidiyus, maza da matan unguwa, ina gaishe ku. Na gode da kuka ba tsohuwa Salbiya damar magana a wannan walima. Sai da na yi furfura na koyi baƙi, ku yi haƙuri da harshena.

Kakanninmu sun ce tun da aka kafa Rum, sarkin farko ya umarci kowane talaka ya zaɓi babban da zai zame masa uba. Shi talakan, wato bara, ya yi gaisuwar asuba, ya raka ubangida dandali, ya ba shi ƙuri'a. Ubangida kuma ya tsaya masa gaban alƙali, in ya yaudare shi la'ana ta hau kansa. Da ina jin wannan kamar tatsuniya, sai bana na gani da idona.

Maƙwabcinmu ya kai ƙarar ɗana Rufiyo, wai tanderunmu na gasa burodi a filinsa yake. Tanderun nan shi ne cinmu, shi ne shanmu. Na ce ya je gaisuwa ya roƙi ubangida ya tsaya masa. Don tsoron kada a raina shi, na wanke mayafinsa, na goga masa alli, na ƙara gogawa. Fargaba ta mantar da ni cewa mai neman kujera kaɗai ke sa mayafi mai alli, alhali ubangidanmu yana neman kujerar kula da kasuwa!

Ina laɓe a bakin zauren ubangida na ji mai gadi ya ce, "Ku ba da hanya, ga abokin takarar maigida!" Wani bara ya ce, "Ranka ya daɗe, in ka ci, ka rage mana kuɗin burodi!" Zaure ya ɓarke da dariya. Na ce shi ke nan, na kashe ɗana da hannuna.

Ubangida ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Rufiyo, kai ma kujerar kake so?" Yaro ya ce, "Ranka ya daɗe, aikin Inna ne." Ya ce, "To, ka gaya mata na ji tsoro. Me ya kawo ka?"

Jama'a, ana tsakiyar neman ƙuri'a ya bar dandali, ya tsaya gaban alƙali tun hantsi har rana ta karkata, yana kare tanderun talaka kamar gonar ubansa. Alƙali ya ce tanderu namu ne.

Ubangida, ba mu da abin biyanka sai ƙafafunmu da muryoyinmu, kuma naka ne. Roƙona ɗaya: ni na kusa tafiya, kada ka saki hannun yaron nan.

Allolin gari su tsare gidanka, su ba ka kujera, su mayar da kowa gida lafiya. Na gode.