Ragowar Hanyar Ƙofa

A rumfar wanzami a kasuwar Kankiya, zamanin Turawa, Ma'aruf da ya dawo daga Makka a ƙasa yana jiran aski. Wani manomi ya dubi fason ƙafarsa.

"Alhaji, ƙafar nan ta sha hanya."

"Ta sha. Mun kwana daji, mun sha ruwan zartsi, har kura ta bi mu a Wadai."

"Yanzu sai ina?"

"Garinmu, Ƙofa."

"Ai ka iso gida. Kafin magariba kana can."

"Tun waccan kasuwar nike nan zaune."

"Ko ciwo ne?"

Ma'aruf ya sunkuyar da kai.

"Da maiɗakina muka tafi. A Darfur na rufe ta. An ce tsohuwarta har yau tana share mata ɗaki. Na keta ƙasashe, malam, amma wannan 'yar tafiya ta gagare ni."