Notin Jar Mota

A tashar Tanout, gaban rumfar mai faci, an cire tayar wata jar mota mai ƙofa biyu. Wani dattijo ya tsuguna yana kallon notin da aka zube, mai motar na tsaye a kansa.

"Samari, waɗannan na alminiyam ne?"

"Ido gare ka, Baba! Irin na motocin tsere ne. Ɗaga guda ka ji, kamar ba ka riƙe komai ba."

"Tabarkalla. Shekara talatin ina zuba tukwanen alminiyam, ban taɓa ganin an yi masa aiki mai tsabta haka ba. Wanda ya yi wannan, a gaishe shi."

"Ga shi ba ya tsatsa."

"Ba ya yi. Amma na san halinsa, taushi gare shi. A yi ta kwancewa ana ɗaurewa, sai haƙoransa su cinye. Na ƙarfe mummuna ne, amma akwai riƙo. Ina ka nufa da ita?"

"Belbeji, gobe. Amaryar abokina zan ɗauko, Raishatu, ɗiyar wani Malam Jibo."

Dattijon ya miƙe tsaye.

"Ta waccan hanya mai gargada? Kira mai faci ya sa na ƙarfe, ina nan tsaye."

"Haba Baba, kai da ka gama yabonsu?"

"Har gobe ina yabonsu. Ka ma ba ni guda in riƙa nuna wa mutane. Amma ni ne Jibo, kuma ɗiyata ba za ta yi tafiya a kan ƙarfen tukunya ba."