Amin ɗin Barira

A ɗakin jiran wani ƙaramin asibiti kusa da Ƙofar Kuyambana, Barira na jiran sakamakon gwajin ƙullutun da ya fito mata a nono. Matar da ke gefenta kuwa sai ƙyalƙyala dariya take, idonta a kan waya.

"Baiwar Allah, a asibiti ake irin wannan dariya?"

"Yi haƙuri, Hajiya. Rubutun wata mata nake karantawa kullum. Wai ranar da za a yi mata aiki ta yafe wa kowa, har maƙwabciyar da ta riƙe mata turmi. Tana farfaɗowa ta ce a je a karɓo mata turminta."

Barira ta yi dariyar da ta kwana tara ba ta yi ba.

"Sai kuma me?"

"Sai addu'a: Ubangiji ya riƙe hannun duk mai jin tsoro yau."

"Amin, amin!"

Matar ta yi jim. "Hajiya, shafin Kiristoci ne fa. Ni Rifkatu ce, daga Wusasa."

"To, ai ban ji ta ce ban da Barira ba. Maimaita min, 'yar nan, kafin a kira ni."