Sandar da Ke Tokare Ƙofa

Tsohuwa Noelene tana shan rana a benci, a ƙofar wani gidan kula da tsofaffi a garin Dubbo na Ostiraliya, sai wata baƙuwa ta zauna gefenta tana huci.

"Mama, ki ji mini Babana! Kullum bayan abincin rana sai ya tokare ƙofarsa da sanda ta ciki. Ma'aikata sun gaji."

"Su gaji mana, 'yata. Sai sun kai tsakiyar ɗaki suke ƙwanƙwasawa, shi ma da baki."

"To in ya faɗi fa? Tsoho kamarsa, me yake ɓoyewa? Yau zan ƙwace sandar nan."

"Ahir ɗinki! Yaushe Keith ya taɓa riƙe sanda? Tawa ce."

"Na gaya miki sunansa ne?"

Noelene ta gyara gashinta. "Kai, yau rana da zafi take."